Alamar Da Ka Manta a Tambaya ta Bakwai

Jeju, sha biyu ga watan Mayu

Ya Taebong, sanyin idona, hasken da ke sauka kan ruwa da sassafe, lemon ƙarshen kaka wanda sanyi ya ƙara wa zaƙi! Ya wutar da nake miƙa wa hannuwana in na fito daga teku jikina na ɓari, ya katangar baƙin dutse mai tare mini iska! Ya tsohona, masoyina, mai taurin kan da ya fi na kodin teku in ya manne wa dutse! Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan raƙuman ruwan da ke tsakanin tsibirin nan da birnin Mokpo inda kake, kowanne ya taho maka da fushina a gaba, begenka a baya.

Ni ce Gyesun, da hannuna nake rubutun nan, ban sa kowa ya rubuta mini ba. Ka ce wa 'yarka Miran ta miƙa maka takardar kawai. Idanunka lafiyarsu ƙalau, na tambaya an tabbatar mini, don haka kai za ka karanta da kanka, daga farko har ƙarshe.

Saƙonka ya iso tun ƙarshen watan Maris. Kwali guda: littafin lissafinka, gwangwanin fensirorinka, da 'yar guntuwar takarda da rubutun Miran, layi uku da ka faɗa ta rubuta: "Kada ki zo. Ki manta da ni. Wanda kika sani ba shi ne a nan ba, rabinsa ne ya rage." Wata ɗaya da rabi ban amsa maka ba. Kana can kana zaton na haƙura ko? Kana zaton na ninke takardar na sa ƙarƙashin matashi ina kuka kamar yarinya? Na yi kukan, ba zan ɓoye maka ba, a cikin ruwa na yi shi inda ba mai gane hawaye. Amma haƙura? Haba Taebong! Yaushe ka taɓa ganin an kafa mini doka na karɓa ba tare da an gaya mini dalili ba? Kai fa shaida ne, a gabanka aka yi.

Ka tuna ajinmu na manya a ɗakin taron gari, Talata da Alhamis da safe? Mu goma sha huɗu, duk furfura. Ni mai shekara sittin da takwas, wadda uwarta ta cire daga makaranta tana 'yar sha uku, ta miƙa mata gorar shawagi da tabaran nitso ta ce ga makarantarki nan, teku. Kai mai saba'in da biyu, ka bar gonar lemonka ka zo da fensir biyar fiƙaƙƙu kamar za ka yaƙi. Malama Mun, wadda na girmi uwarta, ta zaunar da mu tebur ɗaya don kawai mu biyu ne ba ma ganin allo daga baya. Wata uku ba ka ce mini komai ba sai "Ina kwana, Uwar Changho," ni kuma in ce "Lafiya lau, Baban Miran." Kana ƙamshin ɓawon lemo, ina ƙarnin teku, tebur ɗaya.

Sai ranar da Malama ta kawo lissafin rabawa. Ta rubuta sha biyu mai alamar ɗebewa, a raba da uku mai alamar ɗebewa, ta ce amsa huɗu ce mai alamar tarawa. Ta ja layi ta rubuta doka: in alamomin biyu iri ɗaya ne, amsa ta tarawa ce, in sun bambanta, ta ɗebewa ce. Kowa ya duƙa yana kwafa. Na ajiye fensirina.

"Malama, ban yarda ba."

"Iya, ai haka dokar take."

"Wa ya kafa ta? Kin ce mini duk mai wannan alama a ƙasa da sifili yake. Wannan yana ƙasa, ɗan'uwansa yana ƙasa, sai amsa ta ɓullo a sama? A teku in biyu suka nutse, biyu ne suka nutse."

Aji ya fashe da dariya. Deoksun, ƙawata ta nitso tun muna 'yan mata, ta ce daga baya, "Ke Uwar Changho, rubuta mu tafi mana! Ruwa zai janye ya bar mu muna shari'a da allo." Malama ta yi iya ƙoƙarinta, baiwar Allah, ta ce ai rabawa juyin ninkawa ce, tunda uku mai ɗebewa sau huɗu ya ba da sha biyu mai ɗebewa, dole amsar ta zama huɗu. Na ji, amma bai zauna mini ba. Kai kuma ka sunkuyo ka raɗa mini, "Ki haddace kawai, a jarrabawa ba a tambayar dalili." Na ce maka, "Kai ka haddace, aku." Ka yi ja har kunnuwa. Na koma gida ina jin haushin bakina, na ce shi ke nan, tsohon nan ba zai ƙara gaishe ni ba.

Ashe kwana biyu ka yi kana ƙulla igiya!

Wayyo wannan safiya ta Asabar! Ko an niƙa ni ba za a raba ni da ita ba. Mun fito daga ruwa, muna zagaye da wuta a bayan katangarmu inda maza ba sa shiga, sai ga ka tsaye can nesa kan duwatsu, da takalmanka na gona, igiya naɗe a kafaɗa, iska na neman sace maka hula. Matan nan suka yi maka ca. "Baban Miran, doki ne ya tsere maka?" "A'a, kama Uwar Changho ya zo yi, a kawo masa ƙarin igiya, wannan ba ta isa ba!"  Ka ɗaura dutse a bakin igiyar, ka zura ta daga kan gadar jiragen ruwa, ka yafuto ni.

Ka ce, "Saman ruwa shi ne sifili. Duk abin da ke ƙasa na ɗebewa ne. Nawa kike nitsewa a nan?"

"Mita tara."

"Tsakanin ƙulli da ƙulli mita ɗaya da rabi ne, zuwa ƙasa. Ƙulli nawa za ki kama ki kai gindi?"

Na jawo igiyar ina ƙirgawa, tana ɗiga a hannuna. "Shida."

"To shidan nan, a ƙarƙashin ruwa yake?"

Na sake duban igiyar da ke hannuna.

"Shida ƙirga ce, Uwar Changho. Tafiyarki ƙasa ce, takinki ma ƙasa yake. Hanyarsu ɗaya, shi ya sa ƙirgar ta tafi gaba."

Taebong, na rantse, ji na yi kamar lokacin da kunne ya toshe a zurfi sannan ya buɗe. Na karɓe zancen daga bakinka. Na ce to in aka raba taran nan ta ƙasa gida shida, kowane gida ɗaya da rabi ne, kuma a ƙasa yake, don yanka nitso gida shida ba ya mai da shi tasowa. Ka ce daidai, kana murmushin wanda ya gama aikinsa. Ni kuwa ban gama da kai ba. Na ce, "To tara ta sama fa, a raba da ɗaya da rabi na ƙasa?" Ka sosa ƙeya. Ka dubi igiya, ka dubi sama. Ka ce ita wannan ba ka kai kanta ba tukuna, doka dai ta ce ɗebewa. Na tsugunna da dutsen a hannuna, jiƙaƙƙiyar rigar roba a jikina, haƙorana na kaɗawa, na ƙi tashi sai da na gano. Na ce, "Ga ni a gindin igiya. Saman ruwa yana mita tara sama da ni, takina kuwa ƙasa yake kai ni. To yaushe nake can sama? Ƙulli shida baya. Baya, Baban Miran! Ga ɗebewarka nan."

Me ka yi? Ka manta? Ni ban manta ba, mata goma sha ɗaya ma ba su manta ba. Ka cire hula, ka rusuna mini har ƙasa kamar yadda ake yi wa malami, ka ɗago ka ce, "Gyesun, kin fi ni."

Gyesun! Shekara goma sha tara tun da mijina ya rasu ba namijin da ya kira ni da sunana sai likita. Na zama Uwar Changho, na zama Iya, na zama Goggo, na zama shugabar masu nitso, sunan da uwata ta raɗa mini ya nutse har ni kaina na daina nemansa. Kai ka shiga ka ɗauko shi, kai da ko iyo ba ka iya ba! Ta yaya kake so in manta da wanda ya yi mini wannan? Da wane wanka zan wanke shi? Wane ruwa ne ya isa?

Daga nan ai ka san sauran. Kai ne a bakin gaɓa kullum kana jiran ragata, kana ɗauke mini nauyin da na shekara hamsin da biyar ina ɗauka ni kaɗai. Ni ce a rumfar gonarka da tukunyar faten shinkafa da kodi, muna ci muna aikin gida, kana juya lambobi ina duba maka alama. Kai gwanin juya sulusi da rubu'i, ni gwanar sanin ina amsa ta dosa. Ka ɓare mini lemo, ka cire masa duk farin zaren nan don ka ji na ce ba na so. Ya zumar da ta zo mini bayan na ɗauka harshena ya gama da zaƙi! Ya ruwan saman da ya sauka kan gonar da aka riga aka girbe, sai ga tsiro!

Gari ya ɗauka, ba shakka. A kasuwar da ke ci kowane kwana biyar ana zungurin juna in mun wuce. Deoksun ta ce a aji, kowa na ji, "Malama, dokarki ta tabbata! Ga ɗebewa biyu nan a tebur ɗaya, bazawara da gwauro, ga shi amsa ta fito tarawa." Aka yi shewa. Kai ka yi dariya don ba ka son rigima. Ni ban yi ba. Na juya na ce mata, "Ke ki iya bakinki. Ni ba ɗebewa ba ce. 'Ya'ya uku na raina da numfashina, shi kuma itace ɗari huɗu ya dasa da hannunsa. A cike muka zo, a cike muka haɗu." Abin da na faɗa mata ranar nan shi nake faɗa maka yau, tunda ga shi kai ma ka koma kana lissafa kanka rabi.

Sai ranar nan ta ƙarshen Fabrairu, mako guda bayan mun je tare mun rubuta sunayenmu na jarrabawa. Kana kan tsani kana tsinkar lemon ƙarshe, ina cikin ruwa. Na taso shan iska, na rungumi gorata, na hango motar asibiti tana gudu a hanyar gaɓa. Na ce a raina, wayyo, ko wane ne, Allah ya ba shi lafiya. Na sake nitsewa. Sau talatin na ƙara nitsewa a ranar, Taebong, ina murna da kamu, kai kuwa ɓarin jikinka na dama yana mutuwa. Wannan abu har yanzu yana ci mini rai. Sau ɗaya na gan ka a asibiti, ta gilashin ƙofa, kana barci. Da na koma aka ce Miran ta wuce da kai Mokpo inda za a koya maka tafiya. Na kira, ba ka karɓa. Na sake kira, ba ka karɓa. Sai kwali.

Zan gaya maka laifina. Miran na zarga. Na ce ita ce ta raba mu, tana kunyar a ce ubanta na soyayya da tsohuwa mai ƙarnin teku. Na kira ta da shirin faɗa, na zazzage mata duk abin da ke cikina, ko numfashi ban bar ta ta yi ba. Yarinyar nan ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Goggo, kin gama? Ni fa sau uku ina ce masa bari in ɗauko ki. Shi ne ya hana."

"Ƙarya kike."

"Bakinsa ya karkace, Goggo. Miya na zubo masa a haɓa. Da hagu yake riƙe cokali, rabi a baki rabi a riga. Sunana ma sai ya yi ta fama kafin ya fito. Ya ce gara ƙasa ta rufe shi da ki gan shi haka." Na ji tana jan hanci. Sai ta ce, "Kin buɗe littafin har ƙarshe? Akwai shafin da ya ce in yage. Ban yage ba. Kada ki ce ni na faɗa miki."

To na faɗa. Ka yi mata faɗa in ka iya, ni zan tare mata. 'Yarka ta fi ka hankali, kuma na roƙi gafararta.

Na buɗe littafin. Shafin ƙarshe, kwanan wata ashirin ga Maris, mako uku bayan faɗuwarka. Tambaya goma na rabawa, ka kwafo daga littafin Malama ka amsa da hannun hagu. Lambobi kamar sawun ƙaguwa a kan yashi, wasu sun hau kan wasu, takarda ta huje wuri biyu don danna fensir. Miran ta ce safiya uku ka yi a kansu, ka hana kowa taimaka maka. Na zauna a bakin ƙofata na ɗauko jan biro na duba maka su, ɗaya bayan ɗaya, yadda muka saba.

Tara daidai. Tara, da hannun da bai taɓa riƙe fensir ba! Amma ta bakwai ka faɗi. Biyar bisa shida, a raba da sulusi mai alamar ɗebewa. Ka juya sulusin ya zama uku, ka ninka, ka sami biyu da rabi, duk daidai. Sai ka bar shi tsirara, ba alama. Ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, Taebong, hanyarsu ba ɗaya ba ce, amsar ta ɗebewa ce. Ɗan layi guda kwance ka manta, kuma tun kana da hannu biyu a nan kake faɗuwa, don haka kada ka ɗora wa ciwo.

Yanzu ka amsa mini. Mutumin da ya gama da duniya, shi ne zai zauna safiya uku yana juya sulusi? Wanda ya ce a manta da shi, wa yake yi wa aikin gida? Bakinka ya aiko mini da layi uku, hannunka ya aiko mini da goma. Na hannun na gaskata. Na bakin na sa a murhu na ɗumama ruwan wanka.

Na shiga jarrabawar Afrilu. Da farko na ce ba zan je ba in babu kai, Deoksun ta ce in ban je ba za ta ɗaure ni a bayan babur ɗinta ta kai ni. Lambarka na bin tawa, don haka kujerarka na bayana. Babu kowa a kai. Yini guda ina jin sanyinta a gadon bayana kamar an bar ƙofa a buɗe. Da aka raba takardar lissafi, ga ta nan a shafin farko: biyu bisa uku mai ɗebewa, a raba da huɗu bisa tara mai ɗebewa. Na yi dariya da ƙarfi har mai gadin jarrabawa ya zo ya ce, "Iya, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ɗana, wani na tuna." Na juya, na ninka yadda ka koya mini, na sami ɗaya da rabi, hanyarsu ɗaya, tarawa. Sannan na goge idona da hannun riga na ci gaba.

Shekaranjiya sakamako ya fito. Na ci. Saba'in da biyu a lissafi, Turanci da ƙyar na tsallake, amma na ci. Yarinyar da aka cire daga aji tana 'yar sha uku ta gama ƙaramar sakandare tana da jikoki biyar. Abin da nake jira ke nan kafin in rubuto maka, don kada ka ce saboda kai na rasa wani abu. Malama Mun ta rungume ni tana kuka. Amma ni wa zan runguma? Wa zai cire mini hula? Na riƙe takardar na tsaya a tsakar hanya kamar wadda ta fito da babban kamu ta tarar ba kowa a gaɓa.

Ina zuwa, Taebong. Ba izini nake nema ba, sanarwa ce.

Changho ya kira daga Seoul da ya ji. Ya ce, "Iya, shekara huɗu kika yi kina jinyar Baba, kina juya shi kina wanke shi. Bayanki bai warke ba har yau. Yanzu kuma ki ɗauki jinyar wanda ba mijinki ba? Me mutane za su ce?" Na san tausayina yake ji, ɗana ne, ya ga wahalar da na sha. Na ce masa, "Ta ubanka wajibi ce, kuma na yi ta da zuciya ɗaya, ba na da-na-sani. Wannan kuwa ni na zaɓa. Tun da aka haife ni ba a taɓa tambayata me nake so ba, yau na tambayi kaina, kuma na amsa. Mutane kuma, waɗanda ba su ce komai ba lokacin da nake shiga ruwan ƙanƙara da cikinka wata takwas, su ci gaba da shirunsu." Ya kashe waya. Zai huce. In bai huce ba ma, ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba.

Ka san lokacin kamun bushiyar teku ya kusa, lokacin da muke jira duk shekara. Na miƙa wa Deoksun shugabanci, na wanke rigata ta roba na rataye, na kife gorata a rumfa. Matan suka ce na haukace, wai in na bar ruwa wata uku da shekaruna ƙirjina ba zai sake karɓar zurfi ba. Wataƙila gaskiyarsu ne. Wataƙila na yi nitsona na ƙarshe ranar Lahadi ban sani ba. Na auna wannan da kyau, kada ka zaci ban auna ba, teku uwata ce kuma ubana. Duk da haka ga jakata a ɗaure.

Me kake zaton na so a jikinka? Hannun damanka? Madaidaicin bakinka? Kai, tsohon nan, ka taɓa duban madubi kuwa tun kana lafiya? Ba kyau na bi ba. Mutumin da aka kira aku a gaban aji, ya koma gida ya kwana biyu yana ƙulla igiya don wadda ta zage shi ta fahimta, shi na so, kuma wannan mutumin ba a ɓarin dama yake zaune ba. Ni ma ka dube ni! Kunnena ɗaya ruwa ya cinye, kaina ba ya kwana bai yi ciwo ba, gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, gishiri ya tsage mini fata kamar busasshen kifi. Ka taɓa cewa in ɓuya? In miya ta zubo maka zan goge, in harshenka ya yi nauyi zan jira, ni da na saba jiran ruwa ya lafa. In ka ji kunya ka ji ta a gabana, kwana biyu za ta yi ta gaji ta tafi. Amma ka yanke mini hukunci kai kaɗai, ka rufe ƙofa, ka ce don alherina ne? Wannan kam ban yarda ba!

Gonarka ta yi fure, masoyina. Fari fat, kamar dusar ƙanƙara ta yi ɓatan kai ta sauko a bazara, ƙamshi har bakin hanya, ƙudan zuma na ta hidima ba mai gaishe su. Kowace yamma in na bi ta wurin sai in tsaya a bakin katanga, in shaƙa, ƙirjina ya cika har ya yi zafi. Itatuwanka ba su san an ce a manta da kai ba. Suna nan suna ta aikinsu, suna jiran mai su. Ya inuwata, ya tudun da nake hange in na yi nisa a ruwa don in san ina gida yake! Rana na fitowa ta bayan dutse ba ta tarar da kai a gaɓa, ta faɗi ba ta gan ka ba, ni da ita muke yinin nema. Har yaushe? Shekara nawa kake zaton suka rage mana da za ka ɗebi wata uku ka zubar don kunya?

Akwai wata jarrabawar a watan Agusta, kuma za ka shiga. Malama ta ce ana ƙara wa masu lalurar hannu lokaci, ta ba ni takardun, suna cikin jakata tare da busasshen ganyen teku na miyarka da kwalbar zumar furen lemo. Da safe tafiya, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa matakala. Da hantsi karatu. Na sami ɗaki kusa da gidan Miran, ba zan takura wa kowa ba sai kai.

Ranar Alhamis zan shigo jirgin safe, in sauka Mokpo da azahar. Na san gidan, na san bene na uku ne, na san tagarka ce mai duban filin wasan yara. Zan hau in ƙwanƙwasa sau uku. In ka ce kada a buɗe, ba zan yi faɗa da Miran ba, ba zan roƙi kowa ba. Zan sauko in tsaya a tsakiyar filin nan, in cika ƙirji, in saki fiton da muke yi in mun taso daga zurfi, wanda ake ji daga gaɓa ko iska na kaɗawa. Mutanen birni ba su san shi ba, za su leƙo ta tagogi, bene bayan bene, suna tambayar wace tsuntsuwa ce. Kai kaɗai a duk unguwar ka san ma'anarsa: ga ni, na taso, da raina. Zan yi ta yi har ka gaji da jin kunyar maƙwabta ka jawo ƙafarka zuwa taga. Numfashina ya fi taurin kanka tsawo, ka gwada ka gani.

Ka yi aski. Ka sa rigarka mai ruwan toka.

Taka ce ni in ruwa ya cika, taka in ya janye, taka ranar da ya kwanta lumui da ranar da ya yi hauka, kuma ba wani bayanka har a kwantar da ni a gonar da ke duban teku.

Yang Gyesun